Makarantar lauyoyi ta Notre Dame: me zamanta ta Katolika yake nufi ga ɗalibi?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman wanda ya san makarantar koyon aikin lauya ta Jami'ar Notre Dame da ke Amurka, sani na haƙiƙa ba na ji-ta-ji-ta ba. Ƙanwata lauya ce, sun ba ta gurbin digiri na biyu a fannin dokokin kare haƙƙin ɗan Adam. Baba ya ji an ce makarantar 'yan Katolika ce, ya ce ba inda za ta sai an yi masa bayani. Ni kuwa sanina bai wuce sunan ba.

Sarkin Zolaya:
Wa alaikumus salam. Anti, ba ita ce ta ƙone a 2019 ba? To a ina za ta zauna ta yi karatun?

Baƙon Shikago:
Kai dai ba ka rabo da shirme. Wadda ta ƙone majami'a ce a birnin Faris, suna ne ya zo ɗaya. Wannan tana jihar Indiyana, a gefen wani gari da ake kira South Bend, tafiyar kamar awa biyu a mota daga nan Shikago inda nake.

Hajiya, Baba bai ji ƙarya ba. Ta Katolika ce, kuma ba su ɓoye ba. Tun daga nesa za ki hango wata ƙubba mai ruwan zinariya, a ƙolinta an kafa mutum-mutumin Nana Maryamu. Ajin da duk kika leƙa akwai gicciye a bango. A cikin ginin sashen shari'ar kansa akwai ƙaramin ɗakin ibada mai sunan Thomas More, lauyan nan na Ingila da Sarki Henry na 8 ya sa aka fille wa kai a 1535 don ya ƙi amincewa sarki ya zama shugaban coci. Wasu malaman ma da addu'a suke buɗe darasi. Amma zama Kirista ba sharaɗi ba ne na samun gurbi, kuma ba a jan kowa zuwa ɗakin ibadar. Akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi a jami'ar, akwai masallaci a gari ba nisa da makarantar.

Abin da zan ce ta ji tsoro shi ne sanyi. Garin yana kusa da Tafkin Mishigan, dusar ƙanƙara daga can take taso musu. Ta tanadi rigar sanyi ta gaske, ba irin suwaitar hunturun Kano ba.

Barista Kongo:
Bari in ɗan shimfiɗa tarihin, ko Baba zai fi samun natsuwa in ya ji tushen. Jami'ar kanta wani limamin coci Bafaranshe ne, Fada Edward Sorin, ya kafa ta a 1842, shi da 'yan uwansa na ƙungiyar Holy Cross. An fara koyar da shari'a a 1869, shi ya sa suke alfahari da cewa ita ce makarantar lauyoyi ta Katolika mafi daɗewa a Amurka da ba ta taɓa rufewa ba. Ta Georgetown a Washinton ta biyo ta da shekara ɗaya, a 1870.

A farkon lamarin ƙaramin sashe ne ƙwarai. Wanda ya tsayar da shi da ƙafarsa shi ne William Hoynes, haifaffen Ayalan wanda ya yi yaƙin basasar Amurka, ya karɓi ragama a 1883 ya riƙe ta sama da shekara 30. Daga baya sun buɗe reshe a Landan a 1968, inda ɗalibansu ke zuwa su yi zango ko shekara guda.

Wani abu da ya kamata a gane: tsarinsu ba irin namu ba ne. Mu yaro daga sakandare yake shiga, ya yi shekara 5 a jami'a, sannan ya tafi makarantar horar da lauyoyi ta Bwari ko Bagauda ko Yola ya yi shekara ɗaya a kira shi lauya. Su kuwa sai ka gama digirin farko a wani fanni, sannan ka shiga karatun shari'a na shekara 3 da suke kira JD. Abin da aka ba ƙanwar Hajiya LLM ne, wato digiri na biyu a shari'a, na shekara ɗaya, kuma yawancin 'yan ajin lauyoyi ne daga ƙasashen waje.

Ɗan Kafanchan:
Na gode Barista. Ni ɗan Katolika ne, bari in ƙara abin da mutanenmu na nan ba su cika sani ba. Mu a nan muna ɗauka Amurka ƙasar Kirista ce kawai, shi ke nan. A ƙarni na 19 ɗan Katolika a can bare ne, galibi talakan baƙo daga Ayalan ko Jamus ko Italiya ko Folan, kuma Furotestan masu rinjaye suna yi masa kallon ɗan leƙen asirin Fafaroma. A 1844 an yi tarzoma a Filadalfiya a kan wace fassarar Littafi Mai Tsarki za a karanta wa yara a makarantun gwamnati, har aka ƙona majami'un Katolika. A watan Mayun 1924 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu ƙyamar baƙar fata da 'yan Katolika, suka shirya gangami a South Bend ɗin nan, ɗaliban Notre Dame suka fito aka ba hamata iska a titi, suka yayyaga musu fararen rigunan. Sai a 1960 aka samu ɗan Katolika na farko ya ci shugaban ƙasa, wato Kennedy.

To mutanen da aka rufe wa ƙofa su ne suka gina tasu. Ɗan lebura ɗan Ayalan da manyan makarantu da manyan ofisoshin lauyoyi ba sa maraba da shi, ta irin waɗannan makarantu ya zama lauya, ya zama alƙali. Ba don a juya addinin wani aka kafa su ba, don 'ya'yansu su samu tsani ne.

Malam Tudun Wada:
Na ji bayanin ɗan uwa, kuma ban musa tarihin ba. Amma tsoron uba ba a kan a kama 'yarsa a kai ta coci da ƙarfi yake ba. Ilimi yana da ruhi. Wanda ya koyar da kai shari'a yana koya maka abin da ake kira adalci da abin da ake kira zalunci, kuma ma'auninsa kake ɗauka ko ba ka sani ba. Da injiniya za ta karanta da ban ce uffan ba.

Tsohuwar 'Yar St. Louis:
Allah ya gafarta Malam, ni a hannun sistoci na yi sakandare a Kano, mu da yawa 'ya'yan Musulmi, wasu ma 'ya'yan malamai. Na fito da sallata da azumina, na ƙaru da sanin darajar lokaci da gyaran gado. Iyayenmu maza da yawa St. John's suka yi a Kaduna kafin ta koma Kwalejin Rimi. Yarinyar nan kuma ba yarinya ba ce, lauya ce da ta riga ta tsaya gaban alƙali.

Malam Tudun Wada:
Hajiya, sistoci lissafi da Turanci suka koya muku. Ni kan falsafar shari'a nake magana.

Barista Kongo:
Malam ya taɓo inda maganar take, kuma a nan ne nake ganin mutane ke kuskuren auna haɗarin. In ma'auni ake tsoro, ai makarantar da ba ruwanta da addini ita ma tana da nata, sai dai ba ta rataye shi a bango ba. Mu da muka yi karatu a nan, me aka koya mana a darasin falsafar shari'a? Ra'ayin masanan Turai irin su Austin da Hart da Kelsen. A taƙaice, doka ita ce abin da hukuma mai iko ta zartar ta hanyar da aka amince, kyanta ko muninta wata magana ce daban. Ba wanda ya ce wannan zai ɓata mana aƙida, alhali ya fi nisa da tunanin Musulmi.

Abin da aka san Notre Dame da shi akasin haka ne. Sun riƙi ra'ayin da ake kira dokar ɗabi'a: cewa akwai gaskiya da adalci da suka riga majalisa, waɗanda Mahalicci ya dasa a halitta, hankali yana iya gano su, kuma dokar da ta saɓa musu ta rasa ƙarfinta a kan lamirin mutum. Sun kafa cibiya musamman don wannan a 1947, kuma har yau suna fitar da mujalla a kai. John Finnis, wanda ya farfaɗo da wannan ra'ayi a zamaninmu, ya koyar a can tun daga 1995 bayan ya daɗe a Oxford. Ya lissafa abubuwa 7 da ya ce su ne tushen alheri ga ɗan Adam, cikinsu akwai rai da ilimi da zumunci da addini. Duk wanda ya karanta maƙasidush shari'a, kiyaye addini da rai da hankali da nasaba da dukiya, zai ji kamar ya taɓa bin hanyar nan.

Kuma ba haɗuwar hatsari ba ce gaba ɗaya. Babban malaminsu Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd, yana kawo maganarsu, wani wuri ya karɓa wani wuri ya yi raddi. Ibn Rushd ɗin nan kuwa alƙalin Malikiyya ne a Ƙurɗuba, shi ne mai Bidayatul Mujtahid da ke zauren malamanmu.

Malam Tudun Wada:
Barista, a nan zan tsayar da kai. Kama da wane ba ta wane. Maƙasid ɗin da Gazali da Shaɗibi suka yi bayani, daga nassi aka tsamo su, bibiyar hukunce-hukuncen shari'a aka yi aka ga inda suka dosa. Ba zama aka yi da hankali tsagwaronsa aka ce ga alheri ga sharri ba. Mu Ash'ariyya muna cewa abin da ake ba da lada ko azaba a kansa shari'a ce ke tabbatar da shi. Masu cewa hankali shi kaɗai yana hukunta kyau da muni Mu'utazilawa ne, kuma an daɗe da gama wannan muhawarar. Ibn Rushd ɗin ma ka san ba fiƙihunsa Turawa suka ɗauka ba, sharhinsa ne a kan Aristo.

Barista Kongo:
Na karɓa, Malam, bambancin yana nan. Amma Maturidiyya sun ba hankali fili fiye da haka, kuma ba wanda ya fitar da su daga Ahlus Sunna. Abin da nake cewa shi ne, wannan muhawarar da muke yi yanzu ni da kai, a can ana iya yin ta a cikin aji ba a yi maka kallon wanda ya taho daga ƙarni na 12 ba. A makarantu da yawa na Yamma in ka ce Allah a darasin shari'a sai a yi shiru a jira ka gama.

Ɗalibar Bagauda:
Don Allah manya ku yi haƙuri in sa baki. Duk wannan falsafa ce. Ni siyasar wurin ce ta dame ni. Amy Coney Barrett 'yar makarantar ce, ta gama a 1997 ita ce ta ɗaya a ajinsu, ta dawo ta koyar tun daga 2002, Trump ya kai ta Kotun Ƙoli a 2020. Tana cikin alƙalan da suka soke hukuncin 1973 na 'yancin zubar da ciki a 2022. Wata guda bayan hukuncin, Alƙali Alito, abokin aikinta a Kotun Ƙolin, ya je taron da makarantar ta shirya a birnin Rum yana yi wa shugabannin ƙasashen da suka soki hukuncin shaguɓe. Wannan ai sansanin 'yan mazan jiya ne. Mai karatun haƙƙin mata me za ta tsinta a can?

Sarkin Zolaya:
Ikon Allah. Baba na tsoron za a mayar da ita Kirista, ke kina tsoron za a mayar da ita 'yar Rifablikan.

Baƙon Shikago:
Ƙanwata, rabin gaskiya kika faɗa. E, a cikin manyan makarantun shari'a na Amurka tana cikin waɗanda suka fi karkata ga mazan jiya, kuma alƙalan tarayya masu wannan ra'ayi suna yawan ɗaukar ɗalibanta aiki. Barrett ita kaɗai ce a cikin alƙalai 9 na Kotun Ƙoli da ba ta fito daga Harvard ko Yale ba, don haka suna ji da ita. A 2017 da ake tantance ta a majalisar dattawa don zama alƙaliyar kotun ɗaukaka ƙara, Sanata Dianne Feinstein ta ce mata aƙida tana magana da ƙarfi a cikinta, maganar ta zama abin da magoya bayanta ke bugawa a riguna.

Amma fannin da aka ba ƙanwar Hajiya daga wani reshe ya tsiro. Fada Theodore Hesburgh ya shugabanci jami'ar daga 1952 zuwa 1987. Yana cikin hukumar kare haƙƙin 'yan ƙasa ta Amurka tun kafa ta a 1957, ya zama shugabanta, har Nixon ya sauke shi a 1972 saboda ya matsa wa gwamnati lamba. Akwai hotonsa sananne a 1964 a nan Shikago, ya riƙe hannun Martin Luther King suna waƙa. Shi ya kafa cibiyar kare haƙƙi a makarantar shari'ar a 1973, kuma daga nan shirin LLM ɗin ya samo asali. Lauyoyin Afirka ta Kudu sun bi ta nan tun zamanin wariyar launin fata. Mbuyiseli Madlanga, wanda ya zama alƙali a Kotun Tsarin Mulkin ƙasar, a can ya yi nasa LLM ɗin.

Ke da kike maganar mata, ki nemi labarin Graciela Olivarez. Ko sakandare ba ta gama ba, tana fafutukar kare 'yan asalin Meziko a Arizona, Hesburgh ya gan ta ya ce ta zo ta karanta shari'a. Ita ce mace ta farko da ta kammala a makarantar, a 1970.

Ɗalibar Bagauda:
Yaya, shekara 101 bayan buɗewa kenan kafin mace ɗaya ta fito. Wannan ba abin tafi ba ne.

Baƙon Shikago:
Ban ce a tafa ba. Harvard ma sai 1950 ta fara ɗaukar mata a sashen shari'a. Duk kanwar ja ce a wancan zamanin.

Ɗan Kafanchan:
Abin da zai ba ku dariya, mu a cikin gida wasu cewa suke yi Notre Dame ba ta cika Katolika ba. Tun 1967 Hesburgh ya miƙa mulkin jami'ar ga kwamitin amintattu da ya haɗa da waɗanda ba limamai ba, ko da yake har yau dole shugabanta ya zama Fada daga Holy Cross. Ba bishof ne ke juya ta ba, ba kuma Fadar Fafaroma ba. A 2009 da suka gayyaci Obama bikin yaye ɗalibai suka ba shi digirin girmamawa a shari'a, bishof-bishof masu yawa sun yi tir saboda matsayinsa kan zubar da ciki, har aka kama masu zanga-zanga a harabar. Jami'ar ba ta janye gayyatar ba.

Malam Tudun Wada:
To tambaya ɗaya. 'Yancin addinin da ake cewa suna karewa, nasu ne kawai ko na kowa?

Barista Kongo:
Tambaya mai kyau, Malam. A 2020 shugaban makarantar lauyoyin, Marcus Cole, baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin, ya buɗe wani sashe inda ɗalibai ke aiki a kan shari'o'in 'yancin addini na gaske ƙarƙashin malamansu. Cikin ayyukansu na farko, lokacin korona, sun rubuta wa Kotun Ƙoli takardar ba da shawara a madadin ƙungiyoyin Musulmi, suna goyon bayan Yahudawan New York da gwamna ya taƙaita musu taron ibada. Sun kuma tsaya wa ƙabilar Apache a kan wani wurin ibadarsu a Arizona da ake son haƙar tagulla a ƙarƙashinsa.

Sai dai ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Su ne suka tsaya wa wata makarantar Katolika a Oklahoma da ke neman gwamnati ta ɗauki nauyinta gaba ɗaya alhali tana koyar da addini. Barrett ta janye daga shari'ar, alƙalan Kotun Ƙoli suka rabu 4 da 4 a watan Mayun 2025, hukuncin kotun jiha da ya hana ya tsaya. Masu sukarsu cewa suke shari'o'in Musulmi da Apache ado ne, wannan ce ainihin manufar. Ni ina ganin in suka yi nasara wata rana, ƙofar da suka buɗe wa coci ba yadda za a yi a rufe ta ga Islamiyya, kuma sun san da haka.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan karanta wa Baba duka, har da na Malam, don kar a ce na zaɓi mai daɗi. Saura maganar kuɗi.

Baƙon Shikago:
Kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 60,000 a shekara, ban da ɗaki da abinci da inshorar lafiya. Ta karanta takardar da suka aiko da kyau ta ga me tallafin ya ƙunsa, kuɗin karatu ne kawai ko har da na zama. Ta kuma fara neman biza da wuri, yanzu abin ya yi tsauri. In tana da niyyar zana jarrabawar lauyoyi ta New York bayan ta gama, ta tambaye su tun yanzu ko darussan shirin sun cika sharuɗɗan, don ba kowane LLM ne ke kai mutum can ba.

Mai Goro:
Ni ba lauya ba ne, ɗan kasuwa ne, na yi shiru ina karatu. Wa ke biyan tallafin nan? Coci?

Ɗan Kafanchan:
A'a Alhaji, ba daga baikon ranar Lahadi ba ne. Tsofaffin ɗalibai ne da masu hali. Jami'ar tana da asusun da ya haura dala biliyan 15, ana juya shi, ribar ake ci ba a taɓa uwar kuɗin. Sabon ginin sashen shari'a da aka buɗe a 2009 sunan wani attajiri tsohon ɗalibin jami'ar yake ɗauke da shi, Frank Eck, wanda ya ba da dala miliyan 21.

Mai Goro:
Wato waƙafi kenan.

Malam Tudun Wada:
Waƙafi ne sak, Alhaji, kuma mu muka riga su. Azhar da Ƙarawiyyin da shi suka rayu ɗaruruwan shekaru.

Ɗalibar Bagauda:
Allah ya gafarta Malam, riga su ɗin ba ta saya mana littafi. A ABU da BUK ana haɗa shari'ar Musulunci da dokar Ingila a digiri ɗaya, abin da makarantu kaɗan ne a duniya ke yi. Da wani attajirinmu zai ajiye asusu ya ce ribarsa ta malami ɗaya ce da zai zauna ya yi bincike kan gado ko mu'amalat har ya mutu, da tallafin ɗalibai 10 duk shekara, da lauyoyin Senigal da Sudan su ma sun riƙa neman gurbi a harabar Kongo ta ABU.

Mai Goro:
Malami ɗaya da ɗalibai 10. Barista, ku da kuke ciki, nawa wannan zai ci a shekara? Kuma in mutum ya ajiye kuɗin, wa zai riƙe amanar bayan ransa, jami'a ko magada? Ka same ni ta akwatin saƙo, akwai waɗanda nake son in kai wa maganar a Kwari.